Babi na Biyar: Bishiya Ɗaya Tak a Tsakar Gida

Wace bishiya zan dasa a gaban gida, wadda za ta zama ita ake fara gani tun daga bakin ƙofa? Kusan duk wanda ya gama gini a Abuja yakan yi wannan tambaya da zarar mai fenti ya kwashe bokitansa, ko a Maitama yake ko a Lugbe. Da yawa daga masu tambayar ma sun riga sun zaɓa a zuci. Sun ga hoto a waya: wata doguwar bishiya koriya shar, ita kaɗai a tsakiyar ciyawa, rassanta sun zubo har suna taɓa ƙasa. Sai mutum ya tsaya wurin masu sayar da dashe a gefen titi, ya miƙa wayar ya ce irin wannan yake so. Mai dashe kuwa ba ya cewa babu. Zai jawo wata 'yar bishiya a baƙar leda ya ce ai ita ce, ta dai ƙara girma.

Sha'awar ba ta da laifi. Bishiya ɗaya da aka ba ta fili ta sake ta fi goma da aka cusa a jikin katanga, kuma rassa masu zubowa suna sanyaya ido a gidan da duk siminti ne da tayil. Inda ake kuskure shi ne a bar hoto ya yi zaɓen. Abin da ya kamata ya yi zaɓen shi ne tudun wurin, da tsawon raninsa, da zafin darensa. In aka bi wannan ma'auni, bishiyar cikin hoton ba ta Abuja ba ce, kuma wadda ta dace tana nan a dajin da aka sare aka gina birnin.

Bishiyar da ke cikin hoton

Yawancin irin waɗannan hotuna na dangin bishiyar Kirsimeti ne, waɗanda masana tsirrai ke kira konifa. Itatuwa ne da ba sa fure, ba sa 'ya'ya irin na mangwaro ko goba, galibinsu ganyensu sirara ne, kuma ba sa kaɗe shi gaba ɗaya a kowane lokaci na shekara. Masu zubo rassa a cikinsu da suka yi suna duk 'yan wuraren sanyi ne da danshi. Akwai wadda ke tsirowa a gaɓar tekun yammacin Amurka ta Arewa, daga Alaska zuwa arewacin Kalifoniya, inda ruwa ba ya yankewa kuma dusar ƙanƙara ke sauka. Akwai ta tsaunukan Himalaya, wadda ƙasar Butan ta ɗauka a matsayin bishiyar ƙasa. A Afirka ta Kudu akwai Podocarpus henkelii, mai dogayen ganye masu sheƙi da ke reto tuli-tuli, wadda asalinta dazuzzukan KwaZulu-Natal da Gabashin Kef ne, inda gajimare ke sauka ya lulluɓe tuddai. Mutanen can suna dasa ta ita kaɗai a lambunan gidajensu tana kyau, don a garinsu take.

Surar da muke sha'awa, a wurin bishiyar ba ado ba ce. A ƙasashen ƙanƙara, reshen da ya sunkuya yakan zubar da nauyin da ya taru a kansa maimakon ya karye. A dazuzzukan gajimare kuma, ganye mai reto yana tsiyayar da ruwa da sauri. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli a Gwarinpa. Matsalar Gwarinpa ita ce wata biyar babu ruwan sama, daga Nuwamba zuwa Maris, da iskar hunturu mai tsotse danshi daga ganye, sannan zafin Maris da ke haura maki 35 da rana kusan kullum.

Muna da tamu, amma a kan tsauni take

Mai karatu zai ce to a nemo ta gida mana, tunda kullum ana cewa a dasa itatuwan ƙasa. Akwai ta kuwa. A ƙuryar gabashin Jihar Taraba, kan iyakar Kamaru, a dazuzzukan tsaunin Chappal Waddi da ake kuma kira Gangirwal, ana samun Podocarpus latifolius, 'yar uwar waccan ta Afirka ta Kudu. Ba wanda ya kai ta can. Tana cikin jerin itatuwan tsaunuka da suka miƙa daga Kamaru, irin su Dutsen Oku, suka leƙo Nijeriya. Ganyenta ba allura ba ne, falale ne siriri mai kauri, kuma macen bishiyar daban take da namijin. Irinta yana zaune ne a kan wani ɗan nama mai laushi da tsuntsaye ke ci su yaɗa.

Sai dai kasancewarta 'yar Nijeriya bai sa ta zama 'yar Abuja ba. Chappal Waddi shi ne wuri mafi tudu a ƙasar nan, mita 2,419 sama da teku, alhali tsakiyar Abuja ba ta wuce kusan mita 500 ba, Gwagwalada da Abaji ma sun fi haka kwari da zafi. Ƙa'idar da aka sani ita ce, duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan maki 6. Wato tsakanin garin wannan bishiya da Asokoro akwai tazarar fiye da maki 10, dare da rana, shekara ta zagayo. Duk wanda ya san Gembu ko Nguroje, inda ake noman ganyen shayi a tsaunin Mambila ake kuma kwana da bargo a watan da mutanen Abuja ke kwana da fanka, ya san wannan tazara ba wasa ba ce, kuma Chappal Waddi ya ma fi su tudu.

Zafin dare ya fi na rana yi wa irin wannan bishiya illa, kuma shi ne mutane ba su cika lura da shi ba. Da rana ganye yana haɗa abinci da hasken rana, da dare kuma bishiya tana ci daga abin da ta tara, kuma gwargwadon zafin dare gwargwadon saurin cin. Bishiyar tsauni ta saba da dare mai sanyi, tana ci kaɗan ta ajiye saura ta yi girma da shi. In aka sauko da ita inda dare ke da zafi, sai ta riƙa cinye abin da ta samu, girma ya tsaya, bakin ganye ya ƙone, ta yi ta rama a hankali har gara ta same ta a raunane ta ƙarasa ta. Ƙari a kan haka, ta wajenmu ba ta da wannan zubin rassa da ake nema, ganyenta a miƙe yake, girmanta kuma a hankali ne ko a garinsu. Ga shi kuma inda take yana cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a cikin gandayen dajin ƙasa, inda doka ta hana cire tsiro. Wanda yake son wannan bishiya da gaske, abin da zai yi mata shi ne ya goyi bayan hana wutar daji da sara a tsaunukan Taraba. In kuma yana da fili a Gembu, can ne wurin gwada ta.

"Ai ina da burtsatse"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Da ruwa da kuɗi ana raya abubuwa da yawa a Abuja, kuma wasu daga dangin bishiyar Kirsimeti suna tsaye a harabar otal-otal da gidajen jakadu. Akwai Araucaria mai rassa hawa-hawa, wadda asalinta wasu tsibirai ne a tekun Fasifik. Akwai 'yar gajeriyar nan mai ganye a shimfiɗe da ake jerawa a bakin baranda, 'yar asalin Sin. Akwai kuma fayin na yankin Karebiyan, wanda ma'aikatan gandun daji suka gwada shekaru da dama a Afaka kusa da Kaduna da kuma tsaunin Jos, ya kuma kama, bayan an gane cewa saiwarsa ba ta aiki sai da wani naman gwari da ke zaune tare da ita a cikin ƙasa, dole sai an sa wa dashen ƙasar gindin tsohuwar bishiya. Wanda ya nace sai dangin nan, wannan fayin ɗin ne zaɓin da ya fi hankali, domin shi ma ɗan ƙasar zafi ne da ya san rani.

Amma ruwan tiyo saiwa yake jiƙawa, ba ya jiƙa iska. A watan Janairu ganye yana rasa ruwa da sauri fiye da yadda saiwar bishiyar da ba ta saba ba za ta iya aiko masa, ko da gindinta ya yi taɓo, kuma taɓon kansa yana ruɓar da saiwa a cikin jar ƙasa mai riƙe ruwa. Dubi Araucaria da ta shekara goma a irin wannan yanayi: sau da yawa rassan ƙasa sun bushe sun zube, kuma ba ta mayar da su, sai a ga doguwar sanda da ɗan tuntu a kai. Sannan bishiya aba ce ta shekara hamsin zuwa sama. Burtsatse yana lalacewa, ana ɗauke wuta, mai gida yana tafiya, ana ba da gidan haya, mai lambu yana barin aiki. Bishiyar da rayuwarta ta rataya a kan kada ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, ba za ta ga jikokin wanda ya dasa ta ba.

Kada a ɗauka wannan magana ƙin baƙo ce. Dogon yaro daga Indiya yake, a 1928 aka shigo da shi Borno, yau kuwa ba za a iya kwatanta Maiduguri ko Katsina ko Maradi babu shi ba. Mangwaro ma baƙo ne. Sun zauna ne don sun fito daga ƙasar da ke da rani irin namu. Abin tambaya game da kowace bishiya shi ne wane irin rani ta sani.

Maskared fa?

Ita ce amsar da kasuwa ta bayar, doguwar siririyar nan mai ganye masu lanƙwasar baki da ke zubowa a jikinta, wadda aka jera a katangun Wuse da Garki da kusan kowace sabuwar unguwa. 'Yar Indiya ce da Siri Lanka, ba ta cikin dangin bishiyar Kirsimeti ko kaɗan, siffa ce kawai ta zo kusa. Tana jure Abuja, tana girma da sauri, ba ta cin fili, kuma tana tare idon maƙwabci mai bene da ƙurar titi. A matsayin shinge ba ta da na biyu. Amma a tsayar da ita ita kaɗai a tsakar gida, sai ka ga ba ta da abin da ake nema a wurin bishiyar tsakar gida. Inuwarta ba ta isa shimfiɗa tabarma ɗaya ba, ba a ajiye mota a ƙarƙashinta, yara ba sa wasa a gindinta. A garin da rana ke dukan rufin kwano da intalokin tun ƙarfe goma na safe, bishiyar da ba ta ba da inuwa ta bar rabin aikinta. Kuma an yawaita ta har gidaje sun zama ba a bambance su.

Marke

Kafin dokar 3 ga Fabrairun 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya, da ƙaurar gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamban 1991, wannan ƙasa gonakin Gbagyi ce da sauran maƙwabtansu, da daji mai doka da maje da kaɗanya da ɗorawa da maɗaci da marke. Har yanzu ana ganin ragowarsu a gindin duwatsu, da bakin rafuka, da filayen da ba a kai ga ginawa ba. A cikinsu marke ne ke da surar da masu nuna hoto a waya suke nema, sai dai idonmu ya saba ganinsa a matsayin icen girki.

A tsaya kusa da babban marke a duba. Gangar jikinsa miƙaƙƙiya ce, ɓawonta fari-fari mai ratsin toka da ruwan ƙasa, yana ɓamɓarewa ƙanana-ƙanana ya bar dabbare-dabbare. Manyan rassa suna tashi sama, amma ƙananan sirara ne ƙwarai, sai su yi baka su zubo, ɗauke da 'yan ganye da ba su fi tsawon yatsa ba, masu laushi da ɗan sheƙi in suna sabbi. Ko iska kaɗan ta taso duk kan bishiyar sai ya motsa. Inuwarsa ba mai duhu ba ce irin ta mangwaro da ke kashe ciyawa, tana barin haske ya ratso. Yana tsirowa daga Senegal har Habasha, yana kai mita 15 zuwa sama in ya samu ƙasa mai zurfi, kuma ba ya jiran kowa ya ba shi ruwa da zarar ya kafu. Hausawa sun san shi a asuwaki, da ƙaro, da maganin dabbobi, da ice mai tauri. A Mali da ganyensa ake rina yadin bogolan kafin a zana shi da laka. Wannan taurin ne ma ya jawo masa masu gawayi, shi ya sa manyansa ke ƙaranci a kan hanyoyin da ke shigowa Abuja.

Marke yana son fili. Wanda gidansa ƙafa 50 ne a 100, kuma gini ya cinye mafi yawa, marga ta fi masa. Ba ta kai marke girma ba, kuma a tsakiyar zafi, wajen Fabrairu zuwa Afrilu lokacin da komai ya yi ƙura, sai ta saki dogayen zangarniyoyin fure rawaya masu reto. Mai babban fili kuma zai iya duba ƙirya, wadda ganyenta ƙanana ma suna zubowa, icenta kuwa shi ne na turmi da gawayin maƙera, gara ba ta cinsa da daɗi. Tsamiya tana da kyau da inuwa, amma gidaje da yawa ba sa son ta a tsakar gida saboda abin da ake faɗa game da iskoki, kuma babu amfanin mutum ya dasa bishiyar da iyalinsa za su riƙa tsoron gindinta bayan magariba.

Ƙorafin da ake yi

Na farko, wai icen daji ne, bai dace da gidan zamani ba. Wannan sabo ne kawai. Bishiyar cikin hoton ita ma icen daji ce a garinsu, mutanen wurin ne suka dube ta da idon daraja. Na biyu, yana kaɗe ganye da rani. Gaskiya ne, yana yi, kuma za a yi shara. Amma ganyen ƙanana ne, taki ne in aka tara su a gindi, kuma a lokacin da ya kaɗe ne farin ɓawon da zubin rassan suke fitowa sosai. Kaɗe ganyen nan shi ne dabarar da ke sa ya wuce rani babu tiyo. Na uku ya fi nauyi: ba ya sauri. Malaina ko maskared za su wuce shi nesa a shekara uku na farko, domin shi a lokacin ƙasa yake nitsawa. Wanda yake son inuwa bana, ya dasa gwanda ko ayaba ko zogale a gefe su riƙe wurin, a cire su in marken ya taso.

Na huɗu kuma ba ƙorafi ba ne kawai, cikas ne na gaske: da wuya ka same shi wurin masu dashe na gefen titi. Dalili biyu ne. Ba a tambayarsu, su kuma abin da ake saye suke renawa. Sannan irin marke yana da wuyar sha'ani, mafi yawan ƙwayoyin fanko ne, sai an shuka da yawa kafin a samu kaɗan. Wannan ba dalilin haƙura ba ne. Dalili ne na a riƙa tambaya da suna, a wuraren renon dashe na ma'aikatun gandun daji da na 'yan kasuwa, har su ga akwai ciniki. Sashen kula da lambuna da wuraren shaƙatawa na hukumar birnin shi ma yana da hannu a nan, don abin da gwamnati ta dasa a tsakiyar titi da wurare irin Millennium Park, wanda aka buɗe a Disamban 2003, shi masu gida ke kwaikwaya.

Rami da shekara biyun farko

Mafi yawan itatuwan da ke mutuwa a sabbin gidaje ramin ne ke kashe su. Bayan gini, ƙasar tsakar gida takan zama ɓaraguzan bulo da busasshen siminti da jar ƙasar da mota ta daddanne, wani wurin kuma akwai marmara a ƙasa kaɗan. A haƙa rami aƙalla santimita 60 faɗi da zurfi, a fasa marmarar da diga in an ci karo da ita, a zuba ruwa a gani ko yana tsanyewa. In ya kwana a ciki, a sake wuri. A cika da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a yage ledar gaba ɗaya, kada kuma a binne wuyan dashen ya wuce inda ƙasar leda ta tsaya. Marke yana buƙatar tazarar mita 6 zuwa 8 daga ginin gida da katanga da sokawe, kuma kada a matse shi da intalokin, a bar masa da'irar ƙasa mai faɗi. Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, Mayu ko Yuni, don ya sha ruwan wata huɗu ko biyar kafin rani.

A ranin farko da na biyu, jarka ɗaya ko biyu a mako, a zuba a hankali ta nitse, ta fi yayyafin kullum da ke sa saiwa ta tsaya a sama. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa, amma a janye ta daga jikin icen saboda gara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a zaɓi kai ɗaya miƙaƙƙe, a riƙa rage rassan ƙasa kaɗan-kaɗan har su wuce tsawon mutum, daga nan a ƙyale na sama su zubo yadda suka ga dama. Kada a bar mai lambu ya aske shi ya mayar da shi ƙwallo, don zubin rassan shi ne dalilin dasa shi.

Saura tambayar inda za a samo dashen in kasuwa ba ta da shi. Babi na gaba zai bi wannan daki-daki: lokacin da ake tara irin marke da marga da ƙirya, yadda ake fasa taurin ɓawon irin marga da ƙirya da ruwan zafi ko kankarewa, da yadda ake renonsu a leda a bayan gida har su isa dashe.